Bijimai Biyu da Waken Inna

Waken Inna ba ya sauri. Sai kowa ya gama roron nasa, an yanke gero an ɗaure, ruwa ya ɗauke, sannan shi yake nuna a hankali da raɓar safiya. Ja ne mai ɗigon fari a baki, ƙwayarsa manya, kuma in an ɗora shi a wuta ba ya wahalar da mai dahuwa. Mahaifiyarta ce ta zo da shi ƙulle a bakin zane lokacin da suka ƙetaro daga kudu, tun ba a san jandarma a kan iyaka ba. Sauran matan garinmu, nan gabas da Gazawa, sun daɗe da komawa ga iri mai saurin nuna, don damina ta rage tsawo. Inna kaɗai ta riƙe nata, saboda gamanarta, ɗan fegin da aka yankar mata a gona, ta yarda da shi.

Gamanar tana gefen gabas na gonarmu, a gindin tudu, ƙarƙashin wani babban gawo. Wurin yana riƙe laima bayan ko'ina ya bushe. Duk shekara, kafin a dafa ko ƙwaya ɗaya, sai Inna ta shimfiɗa tabarma ta zaɓi iri da hannunta, ta cuɗa shi da toka, ta zuba a wani ƙaramin tulu ta liƙe bakin da laka. Ko shekarar da muka ci ganye har idonmu ya yi zuru-zuru, ba ta fasa tulun nan ba. Na taɓa shan mari a kansa ina ƙarami, don haka na san darajarsa tun da wuri.

Mahaifina yana da wani aboki Bafulatani da muke kira Baffa. Bayan kaka, in mai gari ya sa an yi shelar sakin gonaki, sai Baffa ya zo da shanunsa ya kafa bukka a gonarmu. Mahaifina ba ya kwashe kara, sai ɗan abin da za a yi danni da shi. Shanu su ci abin da za su ci, su tattake saura, su bar taki, gara ta ƙarasa aikin. Mu ba shi dami, matarsa ta kawo nono. Inna kuwa kullum sai ta roƙe shi ya matsar da turakun maruƙa wajen gamanarta na 'yan kwanaki. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Shekarar da nake ba da labari, mahaifina ya cika shekara biyu da rasuwa, gona ta dawo hannuna. Na haura talatin, ina da mata da 'ya'ya uku, ga kai cike da dabara, don na yi ci-rani a kudu na ga yadda birni ke cin nama kamar ba gobe. Lokacin ne soja suka saki mulki, jam'iyyu suka fito kamar tsiron farkon damina. Rediyo ba shi da wata magana sai ta Yamai. A dandali kuwa kalma ɗaya ce a bakin kowa. In mutum ya ƙi zuwa aikin gayya, dimokuraɗiyya ce. In ya sare itace a daji, dimokuraɗiyya ce. Ma'aikacin gandun daji da ke zuwa a babur yana sa mutane ɓoye gatari, muka daina ganinsa, aka ce buronsu, wato ofishinsu, ma ba kowa. Ni abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na gaji da a ce mini kar ka yi kaza don kawai ubanka bai yi ba.

Sai na sayi bijimai biyu ramammu a kasuwar Gazawa, na ɗaure su a bayan gida don turka. Dabarar ba tawa ba ce ni kaɗai. Rabin magidantan garin sun shiga. Ka ɗaure dabba wuri ɗaya, ka yi ta ɗura mata har ta yi tozo, fatake su zo da babbar mota su kwashe. Abin da ban lissafa ba shi ne cikin bijimi ba shi da gindi.

Harawa ita ce gaba da komai a wajen turka, kuma ba harawar da ta kai ta waken Inna, don yaɗo yake yi har ya rufe ƙasa. Sai dai harawa a yanke ta tana kore, in ta bushe a gona ganyen zubewa yake. Na same ta a tsakar gida tana kaɗi.

"Inna, harawarki nake so."

"Waken bai ida nuna ba," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"In ya ida, ganyen ya zube. Mi bijimai za su ci, sanda?"

"Ni kuma mi zan shuka baɗi?"

"Ki tsinci wanda ya nuna. Ai iri ba buhu ba ne."

Ta ajiye mazarin ta dube ni. "Kai wanga, da ka ba ni kwana goma."

Na ce ba ni da kwana goma, an kusa sakin gonaki. Gaskiya ce, amma ba ita ce dukan gaskiyar ba. Da na je wajen mai gari, ko na tsare gamanar da kaina, da an samu. Raina ne ba ya son jira. Kwana biyu ta yi tana bin yaɗo tana tsintar wanda ya bushe, a rana ta uku na shiga da lauje. Abin da ta samu bai kai rabin tulun ba, na ci kuwa babu. Sauran waken, ɗanye shar a cikin kwasfarsa, na nannaɗe shi cikin harawa na ɗora bisa rufin ɗaki.

Daga nan na koma kan kara. Na sare shi tun daga tushe, na yi ta jigila da amalanke har na tara tsibi ya fi dangarmu tsawo. Ban bar ko na gamana ba. Ranar da Baffa ya iso, ina gonar ina tattara ɗan abin da ya rage. Ya tsai da shanun a bakin burtali, ya rataya hannuwa a sandarsa, ya daɗe yana kallo. Gonar ta yi fetal kamar filin idi.

"Wuta ta ci gonar?" ya tambaya bayan mun gaisa.

"Ba wuta, Baffa. Ni na kwashe. Turka nake."

"Har na tsohuwa?"

Na ci gaba da tattara kara.

"To, ɗan abokina," ya ce, "shanuna ba su iya cin ƙasa ba."

Raina ya ɓaci, don na san inda maganar ta dosa. Na ce masa zamani ya sake, yanzu kowa da nasa, karan gonata nawa ne. Bai ja ba. Shekarar ba ta jan magana ba ce tsakanin manomi da makiyayi. Labaran da ke zuwa daga yamma, wajen Gidan Runji, ba masu daɗin ji ba ne, kowa a tsorace yake. Ya ce in gaida masa Inna, ya kaɗa shanunsa suka bi burtali. Ban isar da gaisuwar ba sai bayan kwana uku, don kunya.

Watannin da suka biyo, gidan gaba ɗaya bijimai muke wa bauta. Matata ta yi ta jan ruwa a rijiya har tafin hannunta ya yi kanta, tana cewa ita dai ba ta san an yi mata iyayen gida masu ƙaho ba. Dusar da aka surfa tasu ce, kanwa tasu, inuwa mai kyau tasu. Mu kuwa tuwo da miyar kuka. Inna ta saba in rani ya yi ta riƙa yi wa jikokinta ɗan wake da garin wakenta. A bana babu, sai ta koma ga busasshiyar tafasa da ta shanya tun damina, tana kwaɗa ta da ƙuli-ƙuli. Wata rana na tarar da su sun kewaye akushi, na ce wannan ai abincin awaki ne, ta yi haƙuri, in na sayar da bijimai duk Juma'a sai ta ci nama.

"Da waɗanne haƙora?" ta ce. Yaran suka fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Bazara na shigowa, tsibin kara ya ƙare, harawa ta daɗe da zama labari. Dillali ya ce kar in yi gaggawa, jam'iyyu za su fara taruka, kowace tana son ta yanka abin da za a yi zance. Bijimi kuwa in ya yi kwana huɗu bai ƙoshi ba, naman da ka tara a wata guda sai ya zube a gabanka. Na ɗauki manjagara na shiga burtali da gefen daji, ina kankare busasshiyar ciyawa har da saiwarta da 'ya'yanta. Ba ni kaɗai ba, amalanke ne jere kamar ranar kasuwa. Cikin mako biyu wurin ya zama ƙasa tsirara.

Sai gawo. Shi ne itacen da ke da ganye lokacin da kowa ya zubar, kuma 'ya'yansa dabba ba ta ƙin su. Na fara da kakkaɓar 'ya'yan da gora, wannan kowa na yi. Daga baya na hau da gatari na sauke ƙananan rassa. Da na ga ba mai cewa uffan, na bi manyan. Ranar da na kai ga reshen da ke inuwa bisa gamana, na duba ƙasa na ga Inna tsaye, ta kare ido da hannu.

"Ubanka bai taɓa sa mishi ƙarhe ba," ta ce.

"Zai toho, Inna."

"Shi zai toho."

Ta juya ta tafi. Na ji zafin maganar har cikin raina, kuma don na ji zafin, sai na ƙara wa gatarin ƙarfi. Halina ke nan tun ina yaro, in na san ban da gaskiya sai in fi kowa ɗaga murya. Na bar gawon kundumi, kututture da 'yan yatsu uku a sama.

Bijimi ɗaya fatake suka saya, na ga an tura shi cikin mota ya yi kudu. Ɗayan, jan, mutanen wata jam'iyya suka ɗauka don taron da za su yi a Gazawa. Na je taron don in gani. An kayar da shi da hantsi a bayan rumfa, mahauta suka hau kansa, aka jera tukwane. Makaɗa na kiɗa, wani mai babbar riga yana ta alkawari a lasifika, ba wanda ke saurarensa, hankalin kowa yana wajen hayaƙi. Kafin la'asar ba abin da ya rage sai ƙaho da tulin tarosan tumbi da ƙudaje ke bi. Na tsaya ina kallon tarosan nan, kore-kore da shi, na gane ganyen gawo a ciki. Wata bakwai, karan gona guda, harawar Inna, ciyawar burtali, ruwan da matata ta ja, duk an tashi da su tsakanin hantsi da la'asar, kuma rabin mutanen suna ƙorafin ba su samu ba. Na shafa aljihuna na ji shi da nauyi, na ce wa kaina ai kasuwa ta yi kyau. Mahauci ya ba ni tsoka biyu a takardar siminti na kai wa Inna. Ta yi godiya, ta yayyanka wa jikokinta.

Ruwan farko ya sauka, muka shuka gero. Da aka yi na biyu, Inna ta fasa lakar tulu ta shuka rabin abin da ke ciki. Ya tsiro da kyau, ganye bibbiyu. Sai wani hadari ya taso daga gabas da yamma liƙis, iska ta riga ruwa isowa, kamar yadda take yi duk shekara. Da, in ta zo, tana tarar da kara kwance, da kashin shanu, da gawo a tsaye. A bana ba ta tarar da komai ba. Ta kwashi rairayin tudu ta yi ta watsa wa tsiron. Da safe muka je, wanda ba a binne ba ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Gerona ma ya sha, amma gero ana samun irinsa ko'ina.

Ta sake shuka, ta rage cikin hannu ɗaya ta ƙulle a tsumma. Wannan karon ruwa ne ya zo da ƙarfi. Iska ta riga ta kwashe ƙasar sama mai taushi, abin da ke ƙasa ya daskare, ruwan bai shiga ba, sai ya bi gangare ya tafi da irin. Da rana ta fito, tsakiyar gamanar ta yi fari tana ƙyalli. Fako ne, a wurin da na tashi na ga ana nutsa ƙafa har idon sawu. A ranar na ji tsoro na gaske.

Inna ta ce shi ke nan na bana, ragowar za ta ajiye, baɗi ta nemi gefen gonar wani ta shuka. Da na bar ta, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma laifi ya hana ni zama, ina so in gyara abin da na ɓata, kuma ina so a gyara shi a ranar. A bayan gida akwai tulin takin turka, na wata bakwai, jiƙe da fitsari, in ka tona shi tururi yake. Na ce mata zan sassare fakon da kaina, in haƙa ramuka, in cika su da taki, ƙasar za ta fi da.

"Takin ɗanye ne," ta ce. "Bai huce ba."

"Dubi gabas, Inna. Hadari kullum. Ruwa ɗaya zai kashe mishi zahi."

"In ba a yi ruwan ba fa?"

"Za a yi. Ki ba ni, ki ga aiki."

Na san taki ɗanye yana ƙona shuka, ba manomin da bai sani ba. Na dai yi caca da hadari. Ta daɗe tana jujjuya ƙullin a hannunta. Ina jin ba takin ta yarda da shi ba. Ta ga yadda fuskata take ne, ta ji tausayin ɗanta. Ta miƙo mini.

Na yi aikin kwana biyu kamar mahaukaci, na haƙa, na zuba, ita ta bi tana jefa ƙwaya bibbiyu tana rufewa da diddige. Hadarin ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Kwana goma sha wani abu ba a sami ko yayyafi ba. Waken ya tsiro da laimar da ke ƙasa, saiwarsa ta kai ga takin, ganyen ya yi rawaya daga baki, ya bushe. Na riƙa ɗauko ruwa a tulu daga rijiya ina bi rami rami, ihu bayan hari. Guda bakwai suka rayu. Suka yi yaɗo kaɗan, suka yi fure a makare, ruwa ya ɗauke, ba inuwa, ba laima, furen ya zube. Na buɗe kwasfa ɗaya da ta fito, ba komai a ciki.

Bayan kaka na shiga nema. Na bi matan garin gida gida, kowace ta ce ta daɗe da rabuwa da shi. Na ci kasuwar Gazawa, na je Agye, wani ya ce ya taɓa ganin irinsa wajen Gidan Sori, na hau mota na je. Na ƙetara iyaka har ƙauyen da kakata ta fito, na tarar da tsofaffi biyu da suka tuna da shi, suka ce rabonsu da shi tun kafin babbar yunwa. Duk inda na ga jan wake sai in sayo kaɗan in kawo. Inna ta zuba a tafin hannu, ta matsa kusa da ido, ta ce, "Sannu da wahala. Ba shi ba ne." Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ta zage ni, da na sami abin da zan yi fushi da shi in huta.

Ban sake turka ba. Na bar kara a gona, na jera ƙaya a kan fakon don ya tare rairayi, na daina sare tsiron itace in ina sassabe. Gawon ya toho, kamar yadda na ce, ko da yake bai koma yadda yake ba. Damina ta gaba na sayo mata iri mai saurin nuna, fari, irin na kowa. Ta karɓa, ta shuka a gefen da ya ɗan farfaɗo, ta yi masa noma biyu ba ta yi ƙorafi ba. Ya yi daidai gwargwado, muka rori abin da ya kusa cika kwando.

Ranar da aka sussuke, na shigo gida da hantsi na tarar ta ɗora babbar tukunya. Ta juye waken duka, har tana kakkaɓe gindin kwandon. Na tsaya a bakin madafa.

"Inna, ba ki ɗebi iri ba."

Ta gyara itace a murhu, ta hura wutar, ta goge ido da gefen zane saboda hayaƙi.

"Na kasuwa ne," ta ce. "Baɗi ka sayo wani."

Ta yi shekara tara bayan nan, duk shekara ni nake sayo mata.